Jinjina ga Mai Shiga Fili Idan Ɗan Wasa Ya Faɗi

Da zarar an kai dawa da gero rumbu, kafin noman rani ya kankama a gonakin da ruwan Tiga ke shayarwa, matasan ƙasar Rano sai su samu sararin da damina ta hana su. Lokacin ne filayen makarantu ke cika bayan la'asar, daga cikin garin Rano zuwa Rurum, daga Kibiya zuwa Tarai da Saya-saya. Unguwa ta kara da unguwa, ƙauye ya gayyaci ƙauye, wani mai hali ko mai neman kujera ya sa kofi. 'Yan dambe ma a wannan lokaci suke ɗaure hannu. Kowa ya san wanda ya zura ƙwallo, yara sun haddace laƙabinsa. Wanda ba a cika ambata ba shi ne mutumin da ke rugawa tsakiyar fili da 'yar jaka da ledar ruwa sa'ad da wani yaro ya zube yana riƙe da gwiwa. Wani lokaci malamin wasanni ne na sakandare, wani lokaci ma'aikacin lafiya ne da ya tashi daga aiki ya biyo ta fili, wani lokaci kuma tsohon ɗan wasa ne da rauni ya zaunar. Ba a biyansa, ba a kiran sunansa ranar ba da kofi. Shi nake wa jinjina, tare da ƙannenmu maza da mata na wannan yanki da suka ɗauki aikin da girma har suka nufi jami'a don su koye shi a ilimance.

Ƙannena, yabon gwani ya zama dole, domin an san abin da kuka tsallake. Yaron da ya iya darussan kimiyya a garuruwanmu, tun kafin sakamako ya fito an riga an zaɓa masa: likita ko injiniya. Ranar da ya ce fisiyo zai karanta, wato aikin gyaran gaɓoɓi da tsoka, ko ilimin motsa jiki, don yana son kula da lafiyar 'yan wasa, sai gida ya yi tsit, wani kawu ya tambaya ko ƙwallo ma sai an je jami'a. Kawu bai yi laifi ba, bai taɓa ganin wanda ya ci abinci da wannan sana'a ba ne. Ku kuwa kun ga nauyin karatun da idonku. Mai neman gurbin fisiyo a Jami'ar Bayero, darussan da mai neman likitanci ke rubutawa a jarrabawar JAMB su yake rubutawa: Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji. Idan ya samu shiga, sai ya san kowane ƙashi da kowace tsoka da jijiyar da ke motsa ta, ya san yadda zuciya da huhu ke aiki a zaune da kuma a guje, sannan ya ƙare a ɗakunan majinyata na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, wanda tun 1959 yake karɓar masu karaya daga sassan Arewa. Shekara biyar ce mafi ƙaranci, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sai cikakkiyar rajista da hukumar da aka kafa a 1988 don ba masu wannan aiki lasisi. Wanda ya bi ta sashen ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, a Bayero ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko a makarantar Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, shi ma yana karanta ginin jiki, da tsara atisaye, da taimakon gaggawa, da hanyoyin tare rauni tun bai auku ba.

A Amurka sun daɗe da ware wannan aiki ya zama sana'a mai zaman kanta. Masu kula da lafiyar 'yan wasa sun kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1950, ƙungiyar likitocin ƙasar ta amince da su a matsayin ma'aikatan lafiya a 1990, yanzu kuma sai mutum ya yi digiri na biyu a fannin ya ci jarrabawar hukumarsu kafin a ba shi shaida. Mai wannan sana'a shi ne wanda ke wurin a kowane atisaye, ya san tsohon raunin kowane ɗan wasa, kuma shi ke fara isa idan wani ya faɗi. Ranar 2 ga Janairun 2023 zuciyar Damar Hamlin na ƙungiyar Buffalo Bills ta tsaya a tsakiyar fili bayan wani karo, a wasan zari-ruga irin na Amurka. Wanda ya durƙusa ya shiga danna masa ƙirji, Denny Kellington, ɗaya ne daga masu wannan sana'a. Hamlin ya rayu, ya kuma koma wasa. A nan gida aikin ya rabu tsakanin hannun fisiyo da na malamin motsa jiki, a ƙauye kuwa sau da yawa yana hannun duk wanda ya fi kusa.

Mu ma mun ga irin wannan faɗuwa, sai dai ƙarshen labarin ya sha bamban. Manya ba su manta da 12 ga Agustan 1989 ba, ranar da Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Surulere ana karawa da Angola, yana da shekara 25, bai sake tashi ba. Wani zai ce wancan zamani ne na ƙarancin kayan aiki. To ranar 8 ga Maris ɗin 2020 fa, a Lafiya, da Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi ana wasa da Katsina United? Motar asibitin da ke filin ta ƙi tashi, kwamitin da ya yi bincike daga baya kuma ya gano ƙungiyar ba ta da likita, ba ta da fisiyo. Wata 15 bayan rasuwarsa Christian Eriksen ya faɗi a wasan Denmark da Finland. Nan take aka iso kansa, aka danna ƙirji, aka ɗora masa na'urar farfaɗo da zuciya, shekarar da ta biyo baya sai ga shi yana buga gasar Kofin Duniya a Qatar. Rai na hannun Allah, babu mai ja. Amma Allah ɗin ne ya sanya sababi, sababin kuwa a nan mintuna ne ƙalilan da hannun da ya san abin yi.

Da sauran rina a kaba ke nan. Abin da ya faru a filin gasar ƙwararru ta ƙasa, ku auna shi da filin firamare a Kibiya. Idan zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida, kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba kuma damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Kafin a samo mota, a bi ta Bunkure, a fita Karfi a kama titin Kano, magana ta daɗe da ƙarewa. Ko Babban Asibitin Rano ya yi wa mai wannan hali nisa. Abin da muka saba gani shi ne a yi cincirindo a kansa, wani na fifita, wani na kwara ruwa, wani na neman cokali ya cusa masa a baki wai kada ya haɗiye harshe. Harshe ba ya haɗiyuwa. Cokalin nan haƙora yake karyawa, yana kuma cinye lokacin da ba a da shi. Wanda ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba, ba ya amsa kira, numfashinsa ba daidai ba, a ɗauka zuciyarsa ce. A kwantar da shi rigingine, a ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi zurfin kamar santimita biyar, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya ruga neman mota da ma'aikacin lafiya. Wannan ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar kuɗi, yini guda ya isa a koya wa kyaftin da alƙalin wasa. Ku kun koye shi a aji. Mutum nawa ne a unguwarku suka koya daga hannunku?

Tsayawar zuciya ba kullum ba ce, alhamdu lillahi. Na kullum su ne targaɗe, gocewar ƙashi, tsinkewar jijiyar gwiwa da buguwa a ka, kuma a nan ɓarnar ta fi yawa don ba ta da amo. Yaro ya gurɗe idon sawu, abokai su kama ƙafar su ja, a gida uwa ta dafa ruwa ta gasa, a shafe da man zafi a murza. Duk ƙauna ce, amma a kwana biyun farko zafi da murza kumburi suke ƙarawa. Abin da ƙafar ke so shi ne a hutar da ita, a sa mata sanyi, a naɗe ta daidai, a ɗaga ta sama, idan kuma ya kasa taka ta a je a ɗauki hoton ƙashi. Ga yara masu tasowa abin ya fi haɗari, domin a bakin dogayen ƙasusuwansu akwai wurin da tsawo ke fitowa. Idan nan ya tsage aka ɗauke shi targaɗe, ƙafa na iya tasowa a karkace ko ɗaya ta fi ɗaya.

Buguwa a ka ita ta fi damuna, musamman a fagen dambe, inda kisa shi ne abin da 'yan kallo suka zo gani. An buge mutum ya faɗi, an zuba masa ruwa ya miƙe, makaɗi ya zuga shi, gobe da yamma ya sake ɗaure hannu. Ba na cikin masu son a hana dambe. Gadonmu ne, jarumtar da ke cikinsa kuma ta gaskiya ce. Amma ƙwaƙwalwar da ta girgiza tana buƙatar kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ta daidaita, bugu na biyu a wannan tsakani kuwa yana iya zama wanda ba a tashi daga gare shi. Ba sai mutum ya suma ba. Jiri, amai, ciwon kai, gani bibbiyu, ko ya kasa faɗin wa ke cin wasa, kowanne ya isa a fitar da shi a ranar. Masu tsara dokokin ƙwallon ƙafa na duniya sun shigar da batun cikin doka a 2024, suka ba masu gasa damar ƙarin canji na musamman don wanda ya bugu a ka. A filayenmu kuwa bakinku ne zai tsaya a madadin dokar. Za ku tsaya gaban koci ana cin ƙungiyarsa ɗaya da nema, ga 'yan kallo na ihu, ga yaron kansa na rantsuwa lafiyarsa ƙalau, ku ce ba zai koma ba. Za a zage ku. Wanda ba zai iya haɗiye wannan zagi ba, takardar shaidarsa ba za ta amfani kowa a bakin fili ba.

Akwai kuma abubuwan da suka fi shafarmu mu 'yan ƙasar zafi. A watan Afrilu zafi a ƙasar Kano yakan haura digiri 40. Wanda zafi ya buga har hankalinsa ya gushe, a fara sanyaya shi a nan take, a inuwa, a jiƙa jikin duka da ruwa mai yawa, kafin a yi maganar mota. Idan azumi ya faɗo a bazara, a mayar da atisaye mai nauyi bayan shan ruwa. Sannan kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya jininsa AS ne. Wannan ba ya hana wasa, amma idan gudu mai tsanani ya haɗu da zafi da ƙishirwa, mai shi na iya zubewa a ɗauka gajiya ce ko ragwanci, koci ya ce ya tashi ya ƙarasa zagaye. Mun saba yin gwajin nan don aure. Mai kula da ƙungiya ma ya kamata ya san na kowane yaro. Awo ne ya ceci Nwankwo Kanu a 1996: yana dawowa da lambar zinare daga gasar Olamfik ta Atlanta, likitocin Inter Milan suka gano matsala a zuciyarsa, aka yi masa tiyata a Amurka, ya dawo ya yi shekaru yana taka leda. Ba mu da kayan aikin Milan, amma awon jini, da sauraron ƙirji, da tambayar yaro ko ya taɓa suma a guje, ko wani a gidansu ya yi mutuwar fuju'a yana matashi, duk ana iya yin su a ƙaramin asibiti.

Kada kuma wani ya ce rigakafi sai mai kuɗi. Akwai tsarin ɗumama jiki na minti 20 da hukumar FIFA ta fitar, ana kiransa 11+, wanda ba ya buƙatar komai sai fili da ƙwallo: gudu a tsare, ƙarfafa cinya da ƙugu, tsayuwa da ƙafa ɗaya, koyon dira bayan tsalle. Masu bincike na Jami'ar Legas sun gwada shi a kan ƙungiyoyi 20 na matasa 'yan shekara 14 zuwa 19, suka fitar da sakamakon a 2014: raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100 a ƙungiyoyin da suka bi tsarin. Ɗalibi ɗaya da ya dawo hutu zai iya koya wa kociyoyin garinsu wannan kafin hutun ya ƙare.

Sai maganar masu ɗori, wadda nake roƙonku ku riƙe da hankali. Kafin a gina Dala su ke gyara karayar kakanninmu, har gobe kuma su ne na kusa, su ne masu sauƙin kuɗi, su ne waɗanda mutane suka yarda da su. Gado ne a gidaje da yawa, akwai kuma masu hannu ƙwarai a cikinsu. Wanda ya dawo daga jami'a yana musu kallon raini ya rasa majinyacin tun kafin ya gan shi, domin iyaye wanda suka sani za su zaɓa. Amma likitocin ƙashi a ƙasar nan sun daɗe suna kokawa da abu guda: ɗaurin da ya yi tsauri har ya hana jini gudu, hannu ya kumbura ya yi baƙi, a kawo yaro asibiti lokacin da babu abin da ya rage sai yankewa. Ku je gidajensu da ladabi, ku gaishe su gaisuwar ɗa da uba, ku zauna a tabarmarsu. Ku nuna musu alamomin da ke cewa a sassauta ɗauri nan take: yatsu sun yi sanyi, sun sauya launi, ba sa jin taɓi, ciwo na ƙaruwa maimakon raguwa. Ku daidaita da su a kan karayar da ba ta ɗoruwa a gida, wato wadda ƙashi ya huda fata, da ta cikin gaɓa, da ta ƙugu, da ta wuya ko gadon baya. Mai ɗorin da ya san akwai ɗa a Rano da zai kira ba tare da an ci masa mutunci ba, zai kira.

Ku ma kuna da iyaka. A ƙauye duk wanda ya rataya jaka ya zama likita a bakin mutane, daɗin sunan kuma na iya ja mutum ya wuce gona da iri. Wanda ya karanta ilimin motsa jiki ya san inda zai miƙa wa fisiyo, fisiyo ya san inda zai miƙa wa likitan ƙashi. Za a zo muku da buƙatar allurar kashe ciwo ana dab da wasan ƙarshe, za a nemi ku kau da kai daga ƙwayoyin da wasu yara ke haɗiya don kada su ji gajiya. Wanda aka kashe wa ciwo ya koma fili, ƙaramin rauni yake mayarwa babba. Tramadol kuwa, tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa, don haka yaron da ya saba da shi a gida ya rufe wa kansa ƙofa ranar da ya kai matakin da ake gwaji.

An san inda idonku yake. Kowa na son bencin Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau huɗu tsakanin 2008 da 2014, ko aiki a Saudiyya ko Ingila, inda ake neman masu wannan ilimi ana kuma biya. Ba zan ce kada ku je ba. Wanda iyayensa suka sayar da amfanin gona suka biya masa karatu, haƙƙinsa ne ya nemi abin da zai saka musu da shi. Amma bencin Pillars kujerunsa kaɗan ne, 'yan wasanta kuma daga irin filayenmu suke fitowa, idan gwiwa ta kai su. Nawa ne raunin da aka yi wa riƙon sakainar kashi tun suna 'yan shekara 16 ya mayar da su 'yan kallo? Ko a birni kuke aiki, Rano ba ta yi nisan da za a kasa zuwa ranar Asabar ba.

Ƙannena mata, taku jinjinar daban ce. A yankinmu yarinyar da ta ji rauni a gudun makaranta ba za ta bari namiji ya duba mata gwiwa ko ƙugu ba, iyayenta ma ba za su yarda ba, kuma suna da hujjarsu. Sai ta ɓoye, ta daina wasan, wata ma ta girma da ɗingishi. Mace ɗaya mai wannan ilimi a makarantun 'yan mata na Rano da Kibiya za ta shiga inda maza goma ba za su shiga ba. Ilimin dai shi ne ake buƙata ga tsohuwar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, da mai jegon da ciwon baya ya hana sunkuyawa.

Zalunci ne a ɗora muku nauyin ku kaɗai. Wanda ya iya sayen kofi da riguna ya ɗauko makaɗa, zai iya ware kuɗin akwatin taimakon gaggawa, da gadon ɗaukar mai rauni, da sallamar ma'aikacin lafiya guda da zai zauna daga farkon wasa zuwa ƙarshe, da motar da aka tabbatar tana da mai, direbanta kuma na wurin. Shugabannin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya na da ikon cewa ba za a buga gasa a filin gwamnati ba sai an cika waɗannan. Danna ƙirji kuwa ƙarin lokaci kawai yake samarwa. Abin da ke dawo da bugun zuciya a yawancin irin wannan faɗuwa na'urar farfaɗo da zuciyar nan ce mai aiki da batir, wadda ke yi wa mai riƙe da ita bayanin abin da zai yi, kuɗinta kuma bai kama ƙafar na motar ofis ɗaya ba. Guda ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a riƙa kai ta duk inda ake babban wasa, bai gagari kowa ba. Masarautar Rano, wadda a tsarin 2024 ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure, tana da abin da ofis ba shi da shi: idan fada ta kira masu ɗori da shugabannin 'yan dambe da masu shirya gasa, za su zo, za su kuma saurara. Mahayan hawan sallah ma suna faɗowa daga doki, su ma suna buƙatar wanda ya san ba a cicciɓar mai raunin wuya.

Ku da kuke karatu, kada ku jira sai an kira ku. Ku haɗa kanku a hutu mai zuwa, ku nemi shugaban Babban Asibitin Rano ya ba ku ɗaki na yini guda, ku gayyaci malaman wasanni da alƙalan wasa da kyaftin na kowace ƙungiya, ku roƙi reshen Red Cross na Kano ya turo mai koyarwa da mutum-mutumin da ake gwada danna ƙirji a kansa. Ku rubuta sunan duk wanda ya halarta da garinsu da lambar wayarsa, ku raba wa masu shirya gasa, sannan kafin a watse ku tsayar da ranar da za a maimaita horon badi.